Sirrin Mai Zaɓe da Manhajojin Kulle Saƙo: Darasi Daga Mazaɓar Doguwa da Tudun Wada

Zaɓen ɗan Majalisar Wakilai na mazaɓar Doguwa da Tudun Wada, wanda aka gudanar ranar 25 ga Fabrairu, 2023, ya ƙare da tarzoma. An ƙona ofishin jam'iyyar NNPP a garin Tudun Wada, an kuma rasa rayuka. 'Yan sanda sun kama Alhassan Ado Doguwa, shugaban masu rinjaye na majalisar a lokacin, bisa zargin da ya musanta, daga baya kuma Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Kano ta ce ba ta sami hujjar gurfanar da shi ba. Hukumar INEC ta ƙarasa zaɓen ranar 15 ga Afrilu, shi ne kuma ya yi nasara. A cikin waɗannan makonni, yawancin abin da mutanen Riruwai da ƙauyukan gefen dajin Falgore suka ji game da rikicin ta wayar hannu ya iso musu: hotuna, bidiyo da saƙon murya. Duk wanda ya ɗauki hoto ko ya tura saƙo a irin wannan yanayi, ya san akwai mai son sanin sunansa.

Daga nan ne batun manhajojin tsare sirri ya zama batun siyasa. Tun shekarar 2016 WhatsApp ke kulle kowane saƙo daga wayar mai aikawa har zuwa wayar mai karɓa, ta yadda kamfanin layi ko wani na uku ba zai iya karanta shi a hanya ba. Signal ma haka take aiki, kuma bayanan da take ajiyewa game da masu amfani da ita kaɗan ne. Manhajojin VPN kuwa 'yan Nijeriya sun san amfaninsu sarai tun lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Masu goyon bayan waɗannan manhajoji suna da hujja mai ƙarfi. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Haka kuma rahotannin da suka fito a 2018 game da aikin da kamfanin Cambridge Analytica ya yi a zaɓen Nijeriya na 2015 sun nuna cewa bayanan mutane haja ce a kasuwar siyasa.

Sai dai kuma ɗora wa manhaja dukkan nauyin kare mai zaɓe kuskure ne, musamman a gari irin Riruwai, inda kowa ya san gidan kowa. Kulle saƙo yana kare abin da aka faɗa ne yayin da yake kan hanya. Ba ya ɓoye lambar waya, ita kuwa lamba tun ƙarshen 2020 aka wajabta ɗaure ta da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Ba ya hana wani daga cikin 'yan zaure ɗaya na WhatsApp ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya kai wa wanda aka ambata. Saƙon murya, wanda shi ne mafi sauƙi ga wanda bai yi nisa a boko ba, yana tafe ne da muryar mai shi, kuma a ƙaramin gari murya tamkar sa hannu ce. Akwai kuma gidajen da mutum biyu ko uku ke amfani da waya ɗaya, da masu kai wayarsu shagon caji su bar ta yini guda.

Tarihin siyasar Arewa ya nuna cewa sirrin ƙuri'a abu ne da aka sha wuya kafin a same shi. A shekarun 1950 magoya bayan NEPU sun sha ɗauri da muzgunawa a hannun hukumomin En'e saboda an san ɓangaren da suke. A farkon shekarun 1990 hukumar zaɓe ƙarƙashin Farfesa Humphrey Nwosu ta gwada tsarin ƙato-bayan-ƙato don rage maguɗi, amma tsarin ya tilasta wa talaka ya nuna zaɓinsa a gaban mai gari da mai gidansa. A yau kuwa wayar ce kanta ta zama hanyar tona asirin ƙuri'a, domin mai sayen ƙuri'a yakan nemi a nuna masa hoton takardar da aka dangwala kafin ya biya. Wannan ne ya sa INEC ta hana shiga da waya wurin dangwala ƙuri'a tun zaɓen gwamnan Osun na 2018.

Masu adawa da kulle saƙo suna cewa a cikin waɗannan zaurukan ne ake yaɗa ƙarya da shirya ta'asa, don haka ya kamata jami'an tsaro su sami hanyar leƙawa. Damuwar gaskiya ce, amma maganin da suka kawo ya fi cutar haɗari. Hanyar da aka buɗe wa hukuma, a hannun jam'iyyar da ke mulki take, kuma mulki yakan sauya hannu, kamar yadda Kano ta gani a 2023 lokacin da NNPP ta karɓi gwamnati daga APC. Wanda ya yi murnar leƙen wayar abokin hamayyarsa bana, tasa wayar za a leƙa baɗi.

Ma'aunin da ya dace shi ne a bambanta wanda ya cancanci sirri da wanda ya wajaba ya yi aikinsa a fili. Ƙidayar ƙuri'a, tattara sakamako da kuɗin yaƙin neman zaɓe, duk a bainar jama'a ya kamata su kasance, kuma manufar na'urar BVAS da shafin IReV ke nan. Zaɓin mutum ɗaya da sunan shaidar da ya ɗauki hoton laifi kuwa, su ne doka ya kamata ta rufa wa asiri. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya ra'ayin siyasa cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman, saboda haka ya dace hukumar da ke aiwatar da ita ta binciki yadda jam'iyyu ke tara sunaye da lambobin waya da na katin zaɓe lokacin rabon tallafi.

Akwai aikin da ya rataya a wuyan manazarta Hausa. Bahaushe yana da kalmomin sirri da asiri da rufin asiri da amana, kowacce da inda ta dosa, har ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma har yanzu ba a daidaita kalmomin da za su bayyana wa manomi ko mai haƙar kuza a Riruwai bambancin kulle saƙo da ɓoye sunan mai saƙo ba, alhali rashin sanin wannan bambanci na iya jefa mutum cikin halaka. Sassan nazarin Hausa na jami'o'i, tare da gidajen rediyon Kano, suna iya tsara waɗannan kalmomi su kuma yaɗa su kafin zaɓen 2027.