Tsohon Babur Ba Gawa Ba Ne

FILIN MANOMA
Daga Malamin Gona

Jama'a, makon nan za mu ɗan ajiye zancen iri da taki, mu taɓa zancen babur. Wani zai ce ina ruwan malamin gona da aikin makanikai? To, ya duba hanyar ƙauyensu ran kasuwa. Buhun masara, da kwandon tumatir, da akuya, har da mai naƙuda da za a kai asibiti, duk a kan babur su ke tafiya. Aikin da jaki ya yi wa kakanninmu shi babur ya ke yi mana yau. Amma fa kakanninmu sun san ciwon jaki, sun san maganinsa, mu kuwa da yawanmu ba abin da muka sani game da babur sai hawa.

In na fita rangadi, da wuya in shiga ƙauye ban ga tsohon babur jingine a zaure ba, ƙura ta rufe shi, kaji suna kwana a kansa. In ka tambaya sai a ce maka ai ya mutu, 'yan gwangwan a ke jira su zo su auna. Ni dai a ganina yawancin baburan nan ba su mutu ba. Kafireto ne ya toshe, kuma gyaransa bai fi ƙarfin manomin da ke da haƙuri ba. Ba ji na yi ba, a gidanmu abin ya faru.

Mahaifina yana da Honda CG125, irin wanda aka fara ƙerawa a 1975 musamman domin ƙasashen da hanyoyinsu ba su da kyau, makanikai kuma ba su wadata ba. Da tsufa ya hana shi hawa sai aka tura babur zaure, da sauran fetur a tankinsa, ya shekara huɗu ba wanda ya taɓa shi. Bara bayan kaka na ce bari in tashe shi. Na juye baƙin mai, na sa sabon fulogi, na ga wuta tana zuwa sosai, na zuba sabon fetur. Na yi ta buga kik har na jiƙe sharkaf. In na ja cok sai ya tashi, da na sake shi sai ya mutu. Ƙanena ya ce mu sayar mu huta. Wani dattijon bakanike a garinmu kuwa, da na ba shi labari, sai ya yi dariya ya ce injin lafiyarsa lau, yunwa ce ke damunsa, in je in buɗe kafireto.

Shi kafireto aikinsa ɗaya ne, watau gauraya fetur da iska kafin su shiga injin. In an bi ta nauyi, kashi 15 na iska ke bukatar kashi 1 na fetur. A ƙasansa akwai ɗan kofi inda fetur ke taruwa, a ciki kuma akwai wata 'yar roba mai iyo, wadda in kofin ya cika sai ta tura allura ta rufe hanyar mai. Daga kofin nan fetur ke hawa ta waɗansu 'yan kusoshin tagulla guda biyu masu huji, makanikai suna ce musu jet. Babbar ita ke ciyar da injin sa'ad da aka murɗa totur, ƙaramar kuwa ita ke riƙe da shi in yana sulo. Hujin ƙaramar bai kai rabin milimita ba, ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta toshe shi.

Abu uku ke toshe shi. Na farko tsohon fetur: in ya daɗe a kofin sai mai ƙarfinsa ya bi iska, ya bar wani danƙo kamar ƙaro. Na biyu ruwa, domin ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a gindin tanki ya kawo tsatsa. Na uku ƙurar hunturu, in soson da ke tace iska ya yage ko an cire shi. Da na buɗe namu, duk ukun na tarar.

Ga yadda na yi, ga wanda ke so ya gwada. Ka yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu, kada kuma a sha taba kusa da kai. Shimfiɗa farin ƙyalle, ka sami faranti, domin in ƙaramin sukuru ya faɗa cikin rairayi ya tafi ke nan. Rufe makullin mai, ka cire tiyo, ka kwance kafireto daga jikin injin. Duk abin da ka cire ka jera shi bi da bi, yadda za ka gane mayarwa. In kana da waya mai hoto, ɗauki hotonsa tukuna. A gefe akwai sukurun da ke daidaita gaurayen sulo. Kafin ka fitar da shi, murɗa shi ciki a hankali har ya tsaya, kana ƙirga zagaye nawa ya yi, ka rubuta. Kada ka matse shi, bakinsa siriri ne, yana lalacewa.

Sa'an nan ka jiƙa kayan ƙarfen cikin kananzir mai tsabta, amma ban da na roba. Ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka hura kowace kafa da famfon keke, ka ɗaga jet sama ka duba. In ka hango hasken rana a zagaye sosai, ta buɗe. In ba ta buɗe ba ka mayar ta ƙara jiƙa. A nan ne mutane da yawa ke yin ɓarna, sai su ɗauko allurar ɗinki ko wayar burki su zura. Ƙarfe ya fi tagulla tauri, saboda haka hujin sai ya faɗaɗa, daga ran nan kuma babur ya dinga shan mai fiye da ƙima, ba kuwa mai iya mayar da hujin yadda ya ke. Tun daga 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, kowa ya san abin da lita ɗaya ta ke ci a aljihu. In tilas sai ka zura wani abu, silin buroshi na roba ya isa. Ka girgiza 'yar robar nan mai iyo kusa da kunnenka, in ka ji mai a cikinta ta huje, sai sabuwa. Kada ka manta da tanki, ka wanke shi, ka sa 'yar matata a tiyo, in ba haka ba cikin mako guda tsatsa ta sake sauka.

Namu yini guda ya ci mini, bugu uku ya tashi. Bayan ka yi 'yar tafiya ka kwance fulogi ka dubi bakinsa. In ruwan ƙasa ne, gauraye ya yi daidai. In baƙi ne da kunkunniya, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, mai bai isa ba, injin kuwa zai riƙa zafi har ya kai ga lalacewa.

Na sani wani zai ce ga sabon kafireto nan birjik a kasuwa, me ya sa zan wahala? Gaskiya ne akwai lokacin saye: in jikinsa ya tsage, ko cikinsa ya cinye har iska tana shiga ta inda bai kamata ba. Amma sau da yawa na kasuwa ba a auna jet ɗinsa da injinka ba, na asali kuwa domin injin aka yi shi, wanki kaɗai ya ke nema. Da tsohuwar zuma a ke magani. Kuma sabon ma, in ka bar fetur ya kwana watanni a cikinsa, haka zai toshe. Makanikai kuma ba abincinsu na ke so in tare ba, babban aiki nasu ne. Sai dai manomin da ke nesa da gari, in ya dogara gare su a kan kowane ƙaramin abu, wata rana tumatirinsa a gona zai ruɓe yana tura babur a hanya.

Masu noman rani, maganar nan taku ce fiye da kowa. Ƙananan injunan ban-ruwa masu fetur, da suka bazu a fadamunmu tun shekarun 1980, kafiretonsu ɗan'uwan na babur ne. Kowace shekara sai an kawo mini kuka farkon rani, an dasa albasa ko tumatir, inji ya ƙi tashi, dashe yana bushewa. In ka bincika, da mai a ciki aka ajiye shi tun faɗuwar damina. Maganin kuwa ko kwabo ba ya ci. Ran da za ka ajiye inji ko babur, rufe makullin mai ka bar shi yana aiki har ya mutu da kansa, sa'an nan ka kwance sukurun da ke gindin kofi sauran man ya tsiyaye. Ka lulluɓe shi, ka ajiye inda ba danshi.

Saboda haka kafin ka kira 'yan gwangwan, ka ba tsohon ƙarfen nan yini ɗaya. Wanda ya gwada ya ci tura, ya rubuto wa filin nan, ya faɗi irin baburinsa da yadda ya ke yi, za mu amsa gwargwadon saninmu. Allah ya sa albarka a abin da muka noma, amin.