Allon ordinata ba zai maye gurbin mushe ba

A shekarar 1964 Nijar ta buɗe talabijin ɗin makaranta da taimakon Faransa, aka riƙa aika darussa daga Yamai zuwa azuzuwa. Shirin bai kai ga yawancin ƙauyuka ba, kuma a 1979 ya rikiɗe ya zama Télé Sahel. Wannan tarihi abin tunawa ne.

Yau mushe ɗaya a Damagaram na iya naɗar abin da ke allon ordinatarsa haɗe da muryarsa, yana warware lissafi daki-daki, ya tura ta WhatsApp ko katin salula. Ɗalibin da ke shirin BEPC a Tawa sai ya yi ta maimaita kallo har ya gane. Rufe makarantu na 2020 ya nuna amfanin haka.

Sai dai bidiyo ba ya amsa tambaya, ba ya duba littafin yaro. Kada hukuma ta fake da na'ura ta ƙi ɗaukar malamai, ko ta jinkirta albashinsu. Yaron da ke zaune a ajin zana, babu lantarki, bango da malami yake fara bukata. Gobarar Maraɗi ta 2021, wadda ta ci yara fiye da 20, ta isa shaida. Gwamnati ta fara gina aji, ta biya mushe, sannan a yi zancen na'ura.