RA'AYINMU: Ministan Lafiya da Ɗakin Shan Magani na Ƙauye

Duk lokacin da aka rantsar da sababbin ministoci a Abuja, hankalin jama'a yakan karkata ne ga wanda aka ba kuɗi ko man fetur ko tsaro, ba kasafai ake tambayar wa aka danƙa wa Ma'aikatar Lafiya ba. Alhali kuwa manomin da kububuwa ta sara a gonar masara a Kafur, da matar da naƙuda ta tsananta mata da tsakar dare a wani ƙauyen Dandume, kujerun da suka shafi rayuwarsu kamar wannan ba su da yawa. Saboda haka muka ga ya dace mu duba mene ne aikin mai wannan kujera, da abin da waɗanda suka hau ta suka bari.

Da farko ya kamata a san cewa Ministan Lafiya ba shi ne mai kowane asibiti ba. An kasa aikin ne gida uku. Gwamnatin tarayya ke riƙe da asibitocin koyarwa, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Jiha ke riƙe da manyan asibitoci, irin na Funtua da na Malumfashi. Ɗakin shan magani na ƙauye kuwa, wanda shi ne mafi kusa da talaka, an rataya shi ne a wuyan ƙaramar hukuma da hukumar jiha. Abin da ke hannun minista shi ne tsara manufa, da samo allurar rigakafi, da sa ido kan ingancin magani ta hannun hukumar NAFDAC, da jagorancin yaƙi da annoba, da shugabantar majalisar da ke tara kwamishinonin lafiya na jihohi. Wato dai shi ke auna hatsi, amma wasu ke girki, kuma daga nan ne yawancin matsalarmu ta samo asali.

Manyan mutane sun riƙe wannan ma'aikata. Dokta Moses Majekodunmi ya riƙe ta a gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Malam Aminu Kano ya riƙe ta daga 1971 zuwa 1974 a mulkin Janar Gowon, Dokta Ɗalhatu Sarki Tafida na Zariya kuma daga 1993 zuwa 1995. Amma tsarin da aka gada daga Turawa na birni ne: a gina babban asibiti, a jira majiyyaci ya kawo kansa. Ba kuma rashin sani ne ya jawo haka ba. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsu na Ingila sun yi shekaru suna bincike a ƙasar Malumfashi a kan zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da sanƙarau da saran maciji, har sunan garin ya shiga mujallun likitanci na duniya. An san ciwon mutanenmu sarai, kai musu maganin ne ya gagara.

Wanda ya juya akalar shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, wanda ya yi minista daga 1985 zuwa 1992 a zamanin Janar Babangida. Mutumin nan ya lura cewa abin da ke kashe 'ya'yan talakawa, wato gudawa da ƙyanda da zazzaɓi, ba ya buƙatar dogon bene ko na'ura mai tsada. Sai ya ɗauki matsayar taron Alma-Ata na 1978 a kan kiwon lafiya matakin farko, ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 a 1986 don su zama abin koyi, ya fito da manufar lafiya ta ƙasa a 1988. Aka horar da ma'aikatan lafiya na karkara da unguwarzoma, aka koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari, wanda Allah kaɗai Ya san adadin yaran da ya zama sanadin tsirarsu. A ƙarƙashin shirin Bamako na 1987 aka riƙa ajiye magani mai rahusa a ɗakin shan magani, a sayar, a juya kuɗin a sake sayowa. Zuwa 1990 alƙaluman gwamnati sun nuna rigakafin yara ya kai wajen kashi 80 cikin ɗari. Duk wannan kuwa an yi shi ne a tsakiyar matsin tattalin arziki na shirin SAP, lokacin da Naira ke zubewa. Wannan ya isa amsa ga masu fakewa da rashin kuɗi.

To amma ginin bai daɗe ba bayan tafiyar maginin. An miƙa wa ƙananan hukumomi nauyin, ba a miƙa musu ƙarfin ɗaukarsa ba. Albashi ya riƙa makara, firjin allura ya mutu, kuɗin juya magani ya bi ruwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2003 ya gano cewa yara 13 kacal cikin ɗari ne suka sami cikakkiyar rigakafi, a Arewa maso Yamma kuwa ba su kai 5 ba.

A tsakanin nan ne annobar sanƙarau ta 1996 ta auko wa Arewa. Fiye da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu, har Saudiyya ta hana maniyyatan Nijeriya shiga aikin Hajji a shekarar. Ana cikin wannan jimami kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara wajen 200, inda 11 suka rasu. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya amince da sulhu na dala miliyan 75 da gwamnatin Kano. Mu a ganinmu babbar asarar ita ce ta amana. Ma'aikatar da aka kafa don ta tsaya tsakanin talaka da duk wanda zai ɗura masa magani, ba a gan ta a bakin ƙofa ba ranar da ake buƙatarta. Shi ya sa da jita-jita ta tashi a 2003 a kan allurar shan inna, ta tarar da kunnuwa a buɗe. Wasu jihohi suka dakatar da rigakafin, Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, cutar kuma ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. Yaran da suka gurgunce a wancan lokaci yanzu magidanta ne, muna ganin su a tashoshin mota.

Gyaran ma ta hanyar amana ya zo. A 2009, lokacin da Dokta Muhammad Ali Pate ke shugabantar hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa, aka koma ga sarakuna a ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, aka sa hakimai da dagatai da malamai a gaba. Mai gidan da ya rufe wa baƙo ƙofa, da ya ga mai unguwarsa sai ya buɗe. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar shan inna daga Nijeriya da Afirka baki ɗaya. Shi Pate ɗin ne kuma aka naɗa Ministan Lafiya a 2023.

Doka ba ita ce ta yi ƙaranci ba. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 na kasafin kuɗi, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kusantar haka ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. A watan Yuli na 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Duk da haka, a yankin da ke ciyar da ƙasa da masara da waken suya, wanda audugarsa ta ɗaga sunan Funtua, ana kwantar da yara saboda tamowa, kuma a ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara 'yan bindiga sun sa ma'aikacin lafiya yana tsoron kwana a wurin aikinsa.

Don haka muna kira ga minista da ya wallafa, da Hausa, sunan kowane ɗakin shan magani da ke karɓar kuɗin asusun nan da adadin da aka tura masa, a karanta a rediyo, a liƙa a ƙofar asibitin. Muna kuma kira ga 'yan'uwa a Funtua da Bakori da Danja da Malumfashi da su shiga kwamitocin lafiya na mazaɓunsu, su tambayi nawa ya shigo, me aka saya, wace unguwarzoma ce ke kwana. Rashin allurar rigakafi a tambayi Abuja, rashin likita a babban asibiti a tambayi gwamnati a Katsina, rufin da ke yoyo a ɗakin shan magani kuwa a tunkari shugaban ƙaramar hukuma da kansila tun kafin damina ta sauka.