Tsarabar Man Kifi: Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

Daga birnin Kano zuwa Tofa tafiyar ba ta kai awa guda ba a mota, shi ya sa ma'aikatan da suka fito daga Doka ko Lambu ko Yarimawa ba sa daɗewa ba su leƙa gida ba. A da, tsarabar da ake kai wa iyaye ba ta wuce sukari da sabulu da turmin atamfa. Yanzu an sami ƙari: kwalbar ƙwayoyin man kifi masu ruwan zinariya, wadda ɗa ke miƙa wa mahaifinsa yana cewa, "Baba, wannan na zuciya ne, a riƙa shan ɗaya kullum." Niyyar kyakkyawa ce. Sai dai abin da ke cikin kwalbar aikin magani yake yi a jiki, kuma bai kamata a ba da shi yadda ake ba da dabino ba.

Sunan da man kifi ya yi yana da asali. A 1970 wasu likitoci biyu 'yan ƙasar Danmak, Hans Olaf Bang da Jørn Dyerberg, suka fara binciken jinin mutanen Inuit na tsibirin Girinland, waɗanda abincinsu kifi ne da naman dabbobin teku. Suka danganta ƙarancin ciwon zuciya da ake faɗa a tsakaninsu da wani kitse da ake kira omega-3, musamman nau'o'insa biyu, EPA da DHA. Amma a 1979 su da kansu suka ba da rahoton cewa jinin waɗannan mutane yana daɗewa kafin ya tsaya idan an ji rauni. Ashe tun farko amfanin da illar tare suka zo, kasuwa ce ta ɗauki ɗaya ta bar ɗaya.

Manyan gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun rage wa labarin armashi. A 2018 gwajin VITAL a Amurka, mai mutum 25,871, bai nuna cewa giram ɗaya a rana yana rage jimillar manyan cututtukan zuciya da jijiyoyin jini ga masu lafiya ba. A shekarar dai, gwajin ASCEND a Birtaniya, kan masu ciwon sukari 15,480, ya ba da irin wannan sakamako. Wanda ya nuna amfani a fili shi ne REDUCE-IT: mutum 8,179, giram 4 na tataccen EPA a rana, aka sami raguwar kashi 25 cikin 100. Amma waɗannan marasa lafiya ne da kitsen jininsu ya hau, suna kan wasu magunguna, likita na duba su, kuma abin da suka sha ba irin na kanti ba ne. Ƙwayar kanti mai miligiram 1,000 galibi miligiram 300 kacal na EPA da DHA ke cikinta.

Ƙananan illolin sanannu ne: gyatsa mai ƙarnin kifi, ƙwannafi, tashin zuciya da gudawa. Babbar illar ita ce wadda ba a gani. Akwai wata rikicewar bugun zuciya da ke sa ɗakunanta na sama su riƙa karkarwa maimakon bugawa daidai. Jini ya kwanta a ciki, ya yi guda, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa. Mai wannan matsala haɗarin shanyewar ɓarin jikinsa ya ninka na sauran mutane kusan sau biyar. A REDUCE-IT, kashi 3.1 cikin 100 na masu shan man an kwantar da su saboda ita, a ɗaya rukunin kuwa kashi 2.1. A gwajin STRENGTH na 2020, wanda aka dakatar don bai nuna amfani ba, an sami kashi 2.2 da kashi 1.3. Wani nazari na 2021 da ya haɗa gwaje-gwaje 7 ya nuna haɗarin yana ƙaruwa ne gwargwadon yawan abin da aka sha. A 2023 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta sa a rubuta wannan illa a takardar magungunan omega-3.

Mai ja zai ce mutum ɗaya cikin ɗari ba abin tayar da hankali ba ne, kuma da yawa a nan ƙwaya ɗaya suke sha, ba giram 4 ba. Gaskiya ne, ga mafi yawan mutane ƙwaya ɗaya ba za ta yi wata ɓarna ba. To amma nauyin illa ya danganta da inda ta sauka. Wanda ke zaune kusa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, in ya ji faɗuwar gaba da haki, a ranar za a auna bugun zuciyarsa da na'ura. Dattijon da ke gona a Wangara zai ce gajiya ce ko tsufa, ya sayi maganin ciwon jiki a kemis. Kuma shi ne ya fi kusa da haɗarin, domin yawan shekaru da hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba su ne manyan masu share wa wannan cuta hanya. Ga shi magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da asfirin da warfarin, duk suna ƙara saurin zubar jini. Ƙarin da man kifi ke yi shi kaɗai kaɗan ne, amma wanda ke kan ɗaya daga cikinsu bai kamata ya haɗa ba sai likita ya sani.

Akwai kuma man hantar kifi, wanda ake yawan ruɗawa da man kifi. Shi yana ɗauke da bitamin A da D masu yawa, kuma bitamin A taruwa yake yi a hanta. In ya yi yawa ga mai ciki yana iya jawo wa ɗan tayi nakasa, shi ya sa hukumar lafiya ta Birtaniya ke hana masu ciki shansa. Surukar da aka kai wa kwalba "don ƙarin lafiya" ba ta da hanyar sanin wannan.

Sai batun zafi. Omega-3 kitse ne mai saurin lalacewa idan ya haɗu da zafi da haske da iska. A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya fi haka. Rashin kyawun ajiya na cikin dalilan da suka sa a 2024 hukumomi suka tilasta wa dillalan magani na Sabon Gari komawa sabuwar kasuwar Dangwauro. Lambar NAFDAC a jikin kwalba shaida ce ta rajista. Ba ta ce kwalbar ba ta yi watanni a rana ba, ba ta kuma ce ta dace da kowa ba.

Saboda haka tsarabar da ta fi ita ce wadda ta fi wahala. Kuɗin kwalba biyu ko uku za su iya sayen na'urar awon hawan jini, wadda dukan gida za su amfana da ita. Mai son omega-3 ya shiga jikin iyayensa ya sa musu kifin teku mai maiƙo, na ƙanƙara ko na gwangwani, sau biyu a mako, tunda tarwada da karfasar dam ɗin Watari, duk da amfaninsu, ba su kai shi yawan wannan kitse ba. Wanda likita ya auna kitsen jininsa ya rubuta masa man kifi ya sha yadda aka ce, ya kuma koma asibiti da zarar ya ji bugun zuciyarsa ya rikice, ko haɓo da jinin dasashi sun yawaita. Wanda kuwa ba a taɓa auna shi ba, abin da yake buƙata daga ɗansa shi ne ya ɗauki hutun yini guda, ya sa shi a mota, ya bi layi tare da shi har su ga likita.