Aure ya mutu: taba sigari ba ta maganin baƙin ciki

A garuruwanmu mun sha ganin magidancin da aurensa ya mutu, ko saurayin da aka fasa baikonsa, ya ruɓanya shan taba. In an yi masa magana sai ya ce: "Ku ƙyale ni in huce takaici." Mu a ganinmu, lokacin rabuwa shi ne ya fi dacewa mutum ya rabu da taba ita ma.

Cikin taba akwai wani sinadari mai suna nikotin, wanda ke isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa kamar 10. In ya ragu cikin jini, sai mutum ya ji ƙunci da saurin fushi. In ya kunna wani kara, sai ƙuncin ya lafa. Ke nan ƙuncin da taba ta kawo shi take kwantarwa. Baƙin cikin rabuwa yana nan inda yake. Binciken likitoci ma ya nuna waɗanda suka daina sun fi samun kwanciyar hankali bisa ga waɗanda suka ci gaba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara, har da waɗanda ba su sha, hayaƙin wasu kawai suke shaƙa. Don haka ne Nijar ta kafa dokar yaƙi da taba a shekarar 2006.

Mu duba aljihu kuma. Misali, mai shan kara 10 a yini, kowane kara dala 5, yana ƙona dala 50. A wata jika 7 da rabi ke nan, a shekara fiye da jika 90. Aure ya ƙare, amma ciyar da yara bai ƙare ba. Wannan kuɗi hatsi ne, takin zamani ne, maganin zazzaɓi ne.

Wasu za su ce kaya biyu sun yi wa kai ɗaya nauyi, a bari zuciya ta huce tukuna. Gaskiya ne kwanakin farko akwai wuya. Amma wuyar ta fi tsanani a makon farko, kuma tana raguwa cikin mako 2 zuwa 4. Sha'awar kara ɗaya kuwa mintoci kaɗan take yi ta wuce. Mai jiran ranar da babu damuwa zai daɗe yana jira. Kuma tun da zaman gida ya riga ya sake, sabon hali ya fi saurin kamawa.

Ga shawararmu. A tsai da rana, a shaida wa ɗan'uwa ko amini. A fitar da taba da ashana daga ɗaki. In sha'awa ta taso, a sha ruwa, a tauna asuwaki, a fita a taka. Kada a koma ga tabar ci mai kanwa, ita ma cuta ce ga baki. Kada a zauna kaɗaici: a je gona, a je garka, a je ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya kasa barci ko cin abinci kwana da kwanaki, ya je gidan likita. Wanda ya zame ya sha, ya sake farawa washegari.

Shekara 1 bayan dainawa, haɗarin ciwon zuciya yana raguwa da kusan rabi. Dangi da abokai, ku ja wanda ya rabu a jiki, kada ku miƙa masa kara. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.