Ku Karanta Taya Kafin Ku Saya

Kaka ta yi, amfani ya shigo rumbu, kuɗi kuma sun ɗan shigo hannu. Lokacin tafiye-tafiye ke nan: bikin aure, gaishe da iyaye, ɗauko yara daga makaranta, ga Kirsimeti a kan hanya. Magidanta da yawa a ƙasar Bichi, Dambatta da Tsanyawa yanzu ne sukan duba motar gida su ga tayoyi sun sude. A wannan wata muna so mu yi zance a kan yadda za a zaɓi wasu, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Mota komai girmanta, wurin da kowace taya take taɓa ƙasa bai fi tafin hannu ba. A kan waɗannan tafuka huɗu maigida yake ɗora uwargida da yara da kaya. Birki da sitiyari ba su da abin yi sai ta wurinsu. Hanyoyinmu kuwa ba sa tausayin roba. Daga ƙauye akwai burji da yashi da ƙaya da kututturen dawa, sa'an nan a hau kwaltar Kano zuwa Katsina, ko ta Kano zuwa Daura, inda ake gudu. A watan Afrilu zafi yakan kai awo 40, kwalta kuwa ta fi haka zafi nesa.

A dā ana yin taya a ƙasarmu. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yi a Ikeja a 2008. Bayan haka sai kasuwa ta cika da tayoyin waje iri-iri, har da gwanjo waɗanda aka gama mora a Turai, ko da yake tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da gwamnati ta hana shigowa da su. Wanda ya je Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano zai gan su tuli, an wanke an goge suna ƙyalli. Ido kaɗai ba zai rarrabe ba. Amma kowace taya tana ɗauke da takardar shaidarta a rubuce a gefenta, kuma wanda ya iya karatun lamba ya iya karanta ta.

Abu na fari shi ne shekarunta. Ku nemi haruffan DOT, ku bi layin har ƙarshensa, za ku tarar da lambobi huɗu. Biyu na farko mako ne, biyu na ƙarshe shekara. In kun ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019, wato farkon Yuni. In lambobin uku ne kawai, an yi ta kafin shekarar 2000, ku bar ta ko kyauta ce. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, takan bushe ta tsattsage kamar fatar da ba a shafa wa mai ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4 da yi. Masu ƙera taya kamar Michelin sun ce daga shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa kowace shekara, in ta cika 10 kuwa a cire ta ko da zanenta da saura. Mu da muke ƙasar zafi, gara mu riƙe lissafin da ya fi gajarta.

Abu na biyu, girma da ƙarfi. Za ku ga rubutu kamar 195/65 R15 91H. Lambar 195 faɗin taya ce a milimita, 65 tana nuna tsayin gefenta, 15 kuma girman ƙarfen da za ta hau ne a inci. Lambar 91 na nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 615, ba fiye ba, kuma nauyin motar kanta yana cikin lissafin. Wanda ya saba ɗora buhunan gero a but da mutum shida a ciki, ya lura da wannan lamba. Girman da ya dace da motarku yana rubuce a jikin ƙofar direba ko cikin littafin mota. Kada ku yarda da “ai za ta shiga”. Takalmin wani ma yakan shiga ƙafa, amma ba a yin doguwar tafiya da shi.

Abu na uku, ƙasar da aka yi tayar dominta. In kun ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a cikinsa, tayar lokacin sanyi ce ta Turai. Robarta mai taushi ce, an yi ta domin sanyin da bai kai awo 7 ba, a kwaltar Bichi kuwa nan da nan take cinyewa. Tayoyi da yawa kuma suna da harafin A, B ko C da ke nuna jimirin zafi. A ta fi, C ita ce ta ƙarshe.

Abu na huɗu, zanen. A cikin kwarin zanen akwai ƙananan tudu da aka sa da gangan. In zanen ya sude har ya yi daidai da su, saura milimita 1.6 ke nan, tayar ta gama aiki. Da rani ba za a ga aibinta ba, sai ranar da ruwan Agusta ya kwanta a kwalta, mota ta riƙa zamewa. Ku kula kuma, akwai masu sake yanka zane a kan sudaddiyar taya da wuƙa mai zafi. Ku shafa gefen da hannu, ku leƙa cikinta. In akwai kumburi, ko faci a gefe, ko waya ta leƙo, ku ajiye.

Mun san kuɗi ne ke kai mutum ga gwanjo, ba wauta ba. In aljihu bai kai huɗu ba, a sayi sababbi biyu iri ɗaya, a sa su a baya, gama in baya ta zame direba ba ya iya riƙe mota. Sauran biyun a biyo da su in an sayar da gyaɗa ko wake. Kada a manta da sifiya, ita ma tana tsufa a ɓoye.

Bayan saye sai kiwo. A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, aƙalla sau ɗaya a wata. Yawancin motocin gida suna son awo 30 zuwa 35 a ma'aunin mai faci, amma ku bi abin da ke rubuce a ƙofa. Lambar iska da ke jikin taya iyakar abin da za ta jure ce, ba abin da za a cika mata ba. Ƙarancin iska yana sa ta yi zafi ta fashe, yawansa kuma yana cinye tsakiyarta.

In taya ta fashe a hanya mukan ce tsautsayi ne. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa ranar fashewar tana nan a rubuce a gefen tayar tun a shago, ba wanda ya sunkuya ya karanta. Ku tura ɗan makarantar gidanku yau ya karanto muku lambobi huɗun nan a kowace taya, har da sifiya. Allah ya kiyaye hanya, sai wata mai zuwa.