Jamus na neman ƙwararrun baƙi: Riba da hasarar da ke jiran Najeriya

A ranar 1 ga watan Yunin 2024 Jamus ta fara bayar da wata sabuwar takardar izinin shiga ƙasa da ta laƙaba wa suna Chancenkarte, wato Katin Dama. Wanda ya samu katin yana iya shiga ƙasar tun bai samu aiki ba, ya zauna har tsawon shekara guda yana nema, yana kuma ɗan yin aikin wucin gadi na sa'o'i 20 a mako domin riƙe kansa. Wannan babban sauyi ne ga ƙasar da shugabanninta suka shafe shekaru suna nanata cewa ƙasarsu ba matattarar baƙi ba ce.

Lamarin ya shafi Najeriya kai tsaye, domin irin mutanen da Jamus ke zawarci su ne waɗanda asibitoci da masana'antu da jami'o'in Najeriya ke kukan rashinsu.

Abin da ya tilasta wa Jamus

Tushen matsalar shi ne tsufa. A shekarar 1964 an haifi jarirai kusan miliyan 1 da dubu 360 a Jamus, adadin da ba a sake kaiwa ba. A 2023 waɗanda aka haifa ba su kai dubu 700 ba. 'Ya'yan wancan zamani na yawan haihuwa su ne suka riƙe masana'antu da ofisoshi tsawon shekaru arba'in, yanzu kuma suna ajiye aiki rukuni-rukuni, alhali matasan da za su gaje su ba su kai yawansu ba.

Cibiyar binciken harkokin ƙwadago ta IAB, wadda ke ƙarƙashin hukumar samar da ayyukan yi ta tarayya, ta ƙiyasta cewa ƙasar za ta iya rasa ma'aikata har miliyan 7 nan da 2035 idan ba a ɗauki mataki ba. Ta kuma ce ana buƙatar ƙarin baƙi kimanin dubu 400 a kowace shekara, bayan an cire masu ficewa, kafin yawan ma'aikata ya tsaya yadda yake. Hukumar da kanta ta lissafa sana'o'i sama da 150 da ake fama da ƙarancin masu yin su, daga ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi zuwa masu aikin lantarki, masu haɗa famfo, direbobin manyan motoci da masana kwamfuta.

Akwai kuma batun fansho, wanda kowane ma'aikacin gwamnati ya san zafinsa. A tsarin Jamus, kuɗin da ake cira daga albashin masu aiki a yau da shi ake biyan tsofaffin yau. Idan masu zubawa suka ragu, masu karɓa suka ƙaru, dole ɗayan uku: a ƙara abin da ake cira, a rage abin da ake biya, ko a tsawaita shekarun aiki. An riga an fara ɗaga shekarun ritaya sannu a hankali zuwa 67. Shigo da matasa masu biyan haraji ita ce hanyar da ta rage wadda ba ta taɓa aljihun mai zaɓe nan take.

Yadda aka sassauta dokar

Dokar shigo da ƙwararru ta farko ta fara aiki a watan Maris na 2020, sannan gwamnatin Olaf Scholz ta faɗaɗa ta a 2023. An rage mafi ƙarancin albashin da ake buƙata kafin mai digiri ya samu Shuɗin Katin Tarayyar Turai. Daga watan Maris na 2024 kuma, wanda ke da takardar shaidar sana'a da ƙasarsa ta amince da ita, da ƙwarewar aiki ta shekara biyu, yana iya zuwa aiki a sana'o'i da dama ba tare da ya jira Jamus ta tantance takardarsa ba, muddin albashinsa ya kai wani mizani.

Shi kuwa Katin Dama da maki ake samunsa. Ana duba ilimi, ƙwarewa, shekarun haihuwa, sanin Jamusanci ko Ingilishi, da kuma ko mutum ya taɓa zama a ƙasar. Maki shida ake nema, tare da hujjar cewa mai nema yana da abin ciyar da kansa, wanda ya haura Yuro dubu a kowane wata. A cikin watan Yunin 2024 ɗin dai aka rage shekarun jiran zama ɗan ƙasa daga takwas zuwa biyar, aka kuma halatta riƙe fasfo biyu.

Wannan sassauci na ƙarshe darasi ne da Jamus ta koya daga tarihinta. Tsakanin 1955 da 1973 ta ƙulla yarjejeniyoyi da ƙasashe irin su Italiya da Turkiyya, ta kwaso miliyoyin leburori da ta kira baƙin ma'aikata, bisa zaton cewa 'yan ci-rani ne da za su yi 'yan shekaru su koma gida. Da yawa sun koma, amma wasu miliyoyi sun zauna, suka kawo iyali, suka hayayyafa. Da yake ba a yi tanadin koya musu harshe ko ba su 'yancin zama 'yan ƙasa ba, sai da jikokinsu suka girma ana ci gaba da kallonsu a matsayin baƙi.

Ƙofa ɗaya a buɗe, ɗaya a rufe

Sai dai buƙatar tattalin arziki daban, zuciyar masu zaɓe daban. A zaɓen 23 ga Fabrairun 2025, jam'iyyar AfD mai adawa da shigowar baƙi ta zo ta biyu da kashi 20.8 cikin ɗari na ƙuri'u. Gwamnatin Friedrich Merz da ta hau mulki a watan Mayu ta tsaurara tsaro a kan iyakoki, ta fara mayar da masu neman mafaka tun daga bakin iyaka, amma ba ta soke dokar ƙwararru ba. Manufar a fili take: mai takarda da sana'a ya shigo, wanda ya ratso hamada da teku ya koma.

Wannan ciniki ne Scholz ya kawo Najeriya a ƙarshen watan Oktoban 2023, lokacin da ya gana da Shugaba Bola Tinubu a Abuja. Ya yi maganar buɗe hanyoyin halal ga ƙwararru, ya kuma nemi haɗin kai wajen karɓar dubban 'yan Najeriya da aka ƙi bai wa mafaka. Kenya ta sa hannu a kan irin wannan yarjejeniya a Berlin a watan Satumban 2024. Da Shugaba William Ruto ya ambaci guraben aiki dubu 250, nan da nan ma'aikatar harkokin cikin gidan Jamus ta fito ta ce babu wani adadi a cikin yarjejeniyar.

Ƙofar da siyasa ta buɗe, siyasa na iya rufe ta. Birtaniya, wadda ta kwashi dubban 'yan Najeriya aikin kula da tsofaffi, ta hana su tafiya da iyalansu daga watan Maris na 2024, sannan a Yulin 2025 ta daina ɗauko irin waɗannan ma'aikata daga waje. Kanada ma ta rage adadin baƙin da za ta bai wa izinin zama na dindindin a 2025 daga dubu 500 zuwa dubu 395. Duk wanda ya sayar da gida ko shago domin tafiya, da wannan ƙasada yake tafiya.

Lissafin Najeriya

A ɓangaren riba, kuɗin da 'yan Najeriya mazauna ƙetare ke aikowa gida ya kai kusan Dala biliyan 20 a shekara. Da shi ake biyan kuɗin makaranta, ake gina gidaje, ake ba 'yan'uwa jari, kuma wani kaso nasa yana ƙarewa ne a hannun 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa. Ga ƙasar da miliyoyin matasanta ke zaman kashe wando, kowane gurbin aiki na halal a waje sauƙi ne.

Hasarar kuwa a asibiti ta fi bayyana. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan dubu 16 ne suka bar ƙasar a cikin shekaru biyar zuwa bakwai. Galibinsu a jami'o'in gwamnati da asibitocin koyarwa aka horar da su da kuɗin jama'a. Waɗanda suka rage sun fi taruwa a Legas da Abuja, don haka jihohin Arewa ne ke ɗanɗana kuɗarsu sau biyu: likitocinsu kaɗan ne tun asali, kuma Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa na ɗibar nasu rabon. Babban likita guda idan ya tafi, ya tafi da ɗaliban da zai koyar da ƙananan likitocin da zai horar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin ƙasashe 55 da ta ce bai kamata a riƙa zuwa farautar ma'aikatan lafiyarsu ba sai da yarjejeniya tsakanin gwamnatoci. Amma wannan ƙa'ida ba ta hana ma'aikaci ya nemi aiki da kansa ba, kuma da wayar hannu ake cike takardun a yau.

An gwada hanyar hani. A 2023 wani ƙudiri a Majalisar Wakilai ya nemi a tilasta wa sababbin likitoci aikin shekara biyar a gida kafin a ba su cikakken lasisi, ƙungiyoyin likitoci suka yi masa ca. A 2024 hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta gindaya sharaɗin aikin shekara biyu kafin ta tantance takardun mai son fita, ma'aikatan suka yi zanga-zanga. Dalilin ƙin amincewar ba ɓoyayye ba ne. Wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, yana aiki a asibitin da babu wuta, yana kuma fargabar masu garkuwa da mutane, ba takarda ce za ta tsayar da shi ba. A watan Agustan 2024 gwamnatin tarayya ta amince da wata manufa ta ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya, wadda ta karkata ga kyautata yanayin aiki da ƙulla yarjejeniya da ƙasashen da ke ɗiba. Alƙiblar daidai ce, saura a ga kuɗin aiwatarwa a kasafi.

Masu sana'ar hannu da matsalar takarda

Akwai ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba. Da yawa daga cikin guraben da Jamus ke neman cikewa na masu sana'ar hannu ne, kuma a nan Najeriya ke da rarar da za ta iya bayarwa ba tare da ta ji ciwo sosai ba. Kasuwar Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano cike suke da makanikai da masu walda da suka shafe shekaru goma suna aiki a gaban maigida. Abin da ya raba su da Katin Dama shi ne takarda, domin dokar na neman shaidar horo na aƙalla shekara biyu da hukuma ta amince da shi. Ga kuma harshe: cibiyar Goethe, wadda ta fi shahara wajen koyar da Jamusanci da shirya jarrabawarsa, a Legas take.

Saboda haka idan aka bar lamarin yadda yake, ƙwararren likitan da ake matuƙar buƙata shi zai tafi, gwanin walda da ke neman kasuwa ya zauna. Gyaran wannan yana hannun hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE da gwamnatocin jihohi: a tantance masu koyon sana'a a gaban iyayen gidansu, a ba su shaidar da za ta karɓu a waje, a kuma buɗe azuzuwan harshe a kwalejojin fasaha na Arewa. Ko wanda bai tafi ko'ina ba zai ci moriyar takardar wajen neman kwangila a gida.

A teburin ciniki kuwa, Najeriya ba ta da dalilin zuwa da ƙoƙon bara. Mai nema shi ke biya, kuma a wannan karo Jamus ce ke nema. Duk yarjejeniyar da za a ƙulla ya kamata ta ɗora wa ƙasar da ke ɗiba nauyin horar da fiye da adadin da za ta ɗauka, ta fayyace sana'o'in da ba za a taɓa ba, ta kuma sauƙaƙa wa wanda ya tafi ya dawo ya yi koyarwa ko aiki na 'yan watanni ba tare da ya rasa izinin zamansa ba.

Ga mai niyyar tafiya, babu dillalin da ke sayar da Katin Dama ko biza. A ofishin jakadancin Jamus ake nema, sharuɗɗan kuma a rubuce suke a shafinsa na intanet. Duk wanda ya nemi miliyoyin Naira da alkawarin aiki a Berlin ba tare da ya tambayi takardar sana'a ko jarrabawar harshe ba, ɗan damfara ne.